Abin da Ya Tayar da Baba Kimiyya

"Tsaya. Koma baya, karanta mini wancan da kika tsallake."

Mai kitso, maƙwabciyar gidan, ta ɗago kai daga wayarta. Ta ɗauka tsohon gyangyaɗi yake yi, don tun ɗazu idonsa a rufe yake, bayansa a jingine da filo uku da aka jera masa saboda numfashi. Ashe kunnensa na nan tar. Shekara talatin da biyar ya yi yana koyar da kimiyya a sakandare, har sunansa na ainihi ya ɓace, unguwa da coci kowa Baba Kimiyya yake ce masa. Wanda ya daɗe haka a gaban aji kuwa ya san muryar ɗalibin da ya tsallake layi.

"Ba wani abu ba ne, Baba. Amin ne kawai, irin na sauran."

"Amin ba ya sa mutum ya haɗiye yawu. Karanta, 'yata."

Ta duba ƙofa ko Mama, matar tsohon, za ta shigo ta cece ta. Sai ƙarar wanke kwanuka take ji daga kicin. Ba yadda ta iya, ta ja sharhin da yatsa ta dawo da shi.

"Wata ce, ta sa sunanta Mai Jiran Ubangiji. Ta ce, 'Na kalli wannan bidiyo ya fi sau ashirin ina kuka. 'Yata shekararta bakwai, farfaɗiya gare ta. Yau na juye ƙwayoyinta duka a masai. Wanda ya tayar da wannan tsoho zai warkar mini da ita. Ku taya ni da Amin.'"

Baba ya buɗe ido.

"Mutum nawa suka taya ta?"

"Ɗari huɗu da wani abu."

"Yaushe ta rubuta?"

"Shekaranjiya."

Ya daɗe yana kallon silin. Fanka na juyawa a hankali, tana kaɗa takardar asibiti da aka danne da kwalbar magani a kan tebur. Mai kitso ta sunkuyar da kai, domin bidiyon da ake magana a kai, ita ta ɗauke shi, ita kuma ta ɗora shi.

Ranar Alhamis ɗin makon da ya wuce abin ya faru. Zuciyar Baba ta gaji, haka likita ya faɗa, ba ta iya tura jini yadda ya kamata, sai ruwa ya taru masa a ƙafafu da huhu. Kwana tara bai taka ƙasa ba. Ranar da rana likita ya zo gida ya yi masa wata allura mai fitar da ruwan jiki, ya ce a ajiye masa fo na fitsari kusa. Da yamma matan coci su goma sha ɗaya suka cika ɗakin, da Fasto a tsakiyarsu, suka kewaye gadon. Mai kitso tana daga bakin taga da waya a sama kamar kullum. Ita fa in ta gama kitso sai ta ɗauki bidiyo, in mata suna waƙa sai ta ɗauka, mijinta direba har tsokanar ta yake yi wai ranar tashin matattu ma sai ta tsaya neman inda haske ya fi kyau.

Addu'a ta yi zafi, Fasto ya ɗaga murya cikin sunan Yesu, sai ga Baba ya yaye bargo. Ya sauko da kumburarrun ƙafafunsa, ya dafa bango, ya miƙe tsaye, ya ratsa matan ya nufi ƙofa da sauri irin wanda ba a gani gare shi ba tun bara. Ɗakin ya ɗauki ihu. Wata ta zube a ƙasa, Mama ta ɗaga hannu biyu tana Halleluya tana hawaye. Wayar Mai kitso ta bi shi har ya fita, har ya tura ƙofar banɗaki ya shige.

Wannan daƙiƙa goma sha biyu na ƙarshe ta yanke. Ta ce a ranta ai rufin asiri ne, ba a nuna dattijo yana shiga banɗaki. Sannan ta rubuta a sama, "Likitoci sun sallama, Yesu bai sallama ba." Babu likitan da ya sallama a lokacin, amma maganar ta yi mata daɗi a baki, kuma ta ga irinta a shafuka da yawa. Ba muguwa ba ce, a yi mata adalci. Tana ƙaunar tsohon nan kamar uban da ya haife ta. Shekara tara katanga ɗaya ce tsakaninsu, kuma shi ya zaunar da 'yarta a barandarsa wata shida yana koya mata kimiyya har ta samu makarantar koyon jinya. Sai dai tana ƙaunar ganin lambar nan tana hawa a ƙasan bidiyo, kuma wannan karon ta hau yadda ba ta taɓa mafarki ba. Cikin kwana biyar mutum dubu ɗari uku suka kalla. Mata suka riƙa tsallake masu kitso biyar don su zauna a rumfarta su ji labarin daga bakinta. Ranar Lahadi sai da aka aro kujeru a coci.

Baba bai san hawa ba bai san sauka ba. Wayarsa 'yar ƙarama ce mai maɓalli. Ba wai yana ƙin intanet ba ne, shi ne ma mai damun ta, ya leƙo ta katanga ya ce ta nemo masa hoton ƙwayar jini ko na taurari, ya ƙura wa abin ido ya ce, "Dubi aikin Ubangiji, don Allah." Amma duk abin da aka karanto masa sai ya yi tambayoyinsa biyu da suka ishi kowa: wa ya faɗa, kuma a ina ya gani? Sai yau da safe wani tsohon ɗalibinsa ya kira yana yi masa barka da warkewa, wai ya gan shi a waya. Shi ya sa aka aika a kira ta.

"Ba ni bidiyon in gani," in ji shi.

Ta riƙe masa wayar a gaban fuska. Ya kalli kansa yana miƙewa, ya ji ihun, ya ga inda aka yanke. Mama ta shigo tana goge hannu da tawul, ta tsaya a bayan Mai kitso tana murmushi, don ita duk ganin da za ta yi wa bidiyon sabo ne a wurinta.

"Ina sauran?"

"Baba, ai banɗaki ne..."

"To ai nan ne labarin yake. Fitsari ne ya tayar da ni, 'yata. Allurar nan ta matse ni, ga mata goma sha ɗaya a kaina, ga fo a ƙarƙashin gado ba halin ɗauka. Da ban tashi ba da na jiƙa katifa a gaban Fasto."

"Kai!" Mama ta jefar da tawul ɗin a kan kujera. "Ka ji tsoron Allah, Malam. Kwana tara kana kwance, ana kiran sunan Yesu ka miƙe, ka ce fitsari? Wannan boko naka ba zai bar ka ko a kan gadon ciwo ba?"

"Ban ce ba Allah ba ne. Wa ya halicci ƙodar? Wa ya ba mutum hankalin da ya gano allurar? Na gode masa ranar, ina kan gode masa yanzu. Addu'arku ma na gode, ta sanyaya mini rai. Amma ban warke ba, ke ma kin sani, ke kike juya ni." Ya tsaya ya ja numfashi, ƙirjinsa na ƙara kamar ana jan ruwa da tsinken roba. "Kuma ban zubar da ƙwaya ko ɗaya ba. Ga wata can ta zubar da na 'yarta saboda ni."

Mama ta kau da kai. Ta sunkuya ta ɗauki tawul ɗin, ta ninke shi, ta sake warwarewa.

"Sai in goge shi yanzu-yanzu," Mai kitso ta faɗa da sauri, tana ganin ta samu mafita.

"Naki za ki goge. Mutum nawa suka kwafa?"

Mai kitso ta dubi wayarta. Ta riga ta ga uku, ɗaya har an sa masa kiɗa.

"Shaidar zur aka yi da jikina," in ji shi. "Da jikin nan za a warware ta. Ɗauko mini farar rigata da tabarau."

Sau uku suka ɗauka. Na farko tari ya katse shi. Na biyu Mama ta fashe da kuka ta fita, ƙarar ƙofa ta shiga ciki. A na uku ya zauna da farar riga mai guga a kan fanjama, an ɓalle masa maɓalli har wuya, ya jera kwalaben maganinsa biyar a kan cinya, ya kalli wayar kamar yadda yake kallon aji.

"Ni ne tsohon da kuka ga ya tashi. Ni Kirista ne, shekara hamsin ina bin Yesu, kuma a hannunsa zan mutu. Ranar nan allurar likita ce ta sa na tashi zuwa banɗaki. Likitoci ba su sallame ni ba, ban kuma warke ba. Ga magungunana, ina sha, ina addu'a, ba su taɓa yin faɗa da juna ba. Ke mai 'yar shekara bakwai, ina roƙon ki saboda Allah, ki kai ta asibiti yau. Kada ki jira gobe."

Minti ɗaya da 'yan daƙiƙu. Da ta sauke wayar, gumi ya jiƙa masa rigar sharkaf.

"Ki ɗora. Ki kuma rubuta wa matar ita kaɗai."

"To, Baba."

Ta fita da niyyar yi, Allah ya sani. Ta zauna a kan 'yar kujerarta a rumfa, tsakanin ledojin gashi da robar man kitso, ta buɗe shafinta, ta zaɓo bidiyon. Sai ta tuna dole ta rubuta wani abu a sama. Me za ta ce? Na yi ƙarya? Na yanke? Mutum dubu goma sha huɗu ne suka fara bibiyar ta a makon nan, suna ce mata baiwar Allah. Kishiyoyin sana'a na layin baya suna jiran ranar faɗuwarta. 'Yarta tana makaranta, ƙawayenta duk sun yaɗa bidiyon. Tana cikin wannan tunani wata mata ta sallama da kai a tsefe, sai ta kife wayar ta ce bari ta gama wannan kan tukuna.

Da yamma ta tafi wurin Fasto. Ta tarar da shi yana lissafa kujerun aro da za a mayar. Matashi ne, bai fi shekara uku da zuwa ba, kuma wannan ne karo na farko da ya ga cocinsa a cike. Ya kalli sabon bidiyon har ƙarshe, ya cire tabarau ya murza ido.

"Na san da allurar," ya faɗa a hankali. "Mama ta gaya mini tun kafin mu fara addu'a."

"To me ya sa ba ka ce komai ba, Fasto?"

"Ke me ya sa kika yanke?" Ya ga fuskarta, ya sassauta. "Yi haƙuri, 'yar'uwa. Mutum tara ne suka ba da ransu ga Ubangiji ranar Lahadi saboda wannan shaida. Akwai mai gyaran babur ɗin nan da ya daina shan giya. In wannan ya fita yanzu, me zan ce musu? Ban ce a ɓoye ba. A bari Lahadin nan ta wuce, in shirya zukatansu, sannan a saka."

"Yarinyar fa?"

"Za mu sa ta cikin addu'a."

Abin da ta je nema ke nan, wani babba ya ce mata ta jira, kuma ta samu. Amma ta dawo gida jikinta a sanyaye. Ko saƙon da Baba ya ce ta rubuta wa matar ba ta rubuta ba, don ta san saƙo ɗaya ya isa a ɗauki hotonsa a watsa. Ta dai leƙa shafinta. A rufe yake, ba gari, ba lamba, ba fuska, sai hoton wani fure.

Washegari, ranar Alhamis, ta kai wa Mama ruwan zafi a filas, tana so ta ajiye ta zame. Muryarsa ta kamo ta daga ɗaki.

"Kin ɗora?"

"Na ɗora, Baba."

"Ta amsa?"

"Tukuna."

Haka aka yi ranar Juma'a. Haka aka yi ranar Asabar. Ba ya tambayar ta gida, ba ya tambayar ta aiki, sai wannan kalma biyu, ta amsa? Ita kuwa abinci ya daina shiga mata. Ta yi wa wata amarya kitso ya karkace, sai da aka tsefe rabi. Mijinta ya dawo daga tafiya ya ce ko ciki ne da ita da tsufanta, ta balbale shi da faɗan da bai san dalilinsa ba. Duk yarinyar da ta wuce ta gaban rumfa da jakar makaranta sai ta bi ta da kallo har ta sha kwana.

Ranar Lahadi ba ta je coci ba. Jikin Baba ya rikice tun da asuba, likita ya zo ya sake yin allurar, wannan karon ba ta yi aiki ba. Likitan ya ja Mama baranda ya yi mata magana ƙasa-ƙasa, ta dawo idonta a bushe, ta fara kiran 'ya'yansu ɗaya bayan ɗaya tana cewa su taho. Mai kitso ta zauna a bakin gadon tana yi masa fifita da kwali, don wuta ta ɗauke. Daga nesa ana jin waƙar coci, da yawan muryoyin da ba a saba ji ba. Leɓɓansa sun yi duhu. Ƙafafunsa sun kumbura har fatar na sheƙi.

"Mutum nawa suka kalla?" ya tambaya.

"Dubu biyu."

"Madalla. Karanta mini abin da suka ce."

Ta ɗauko wayar. Ta buɗe. Ta tsaya tana kallon allon, tana neman ƙaryar da za ta ƙirƙiro, kanta ya ƙi kawo ko ɗaya. Ta ce, "Wani ya ce... wani ya ce Allah ya ƙara sauƙi..." sai ta kasa ƙarasawa. Ta sulale daga kujerar ta durƙusa, ta kifa goshinta a gefen katifa.

"Ban ɗora ba, Baba. Ban rubuta mata ba. Ƙarya nake yi maka tun ranar Alhamis."

Ta jira faɗa. Da ya yi faɗan da ta fi jin sauƙi.

"Na sani," in ji shi. "Da kin ɗora, da an zage ni, da Mama ta dawo kasuwa da labari. Kwana uku ba wanda ya zage ni." Ya huta. "Ina ta jira ki faɗa da bakinki. Laifina ke nan. Na mayar da ke ɗaliba, ina jiran ki gano amsa da kanki, na manta akwai yarinya."

"Ka yafe mini."

"Tashi. Wannan mai sauƙi ne, na yafe. Ƙirga mini, kwana nawa ke nan yarinyar ba ta sha magani ba?"

Ta ƙirga da yatsu, tana jan hanci. "Shida."

Ya rufe ido, fuskarsa ta yamutse fiye da yadda ciwon ya taɓa yamutsa ta. "Irin wannan magani ba a yanke shi rana ɗaya. Wanda aka yanke masa ya fi wanda bai taɓa sha ba shiga haɗari. In abin ya kama ta, yana iya ƙin sakin ta." Ya lalubo hannunta. "Rubuta."

Ta goge ido da bayan hannu ta buɗe wurin saƙo. Yana faɗa tana rubutawa, kalma uku ya huta, kalma uku ya huta. Ya ce wa matar shi ne tsohon, ya ce bangaskiyarta ba ta yi kaɗan ba, ƙarya aka nuna mata. Ya ce ta ɗauki yarinyar zuwa asibiti ta gaya musu ranar da aka daina. Ya ce in ta ga dama ta zage shi, amma ta amsa ko da kalma ɗaya. Mai kitso ta haɗa da bidiyon ta tura.

"Saura na kowa da kowa."

Ta ɗago, sai ta ga Mama tsaye a bakin ƙofa, ba ta san tun yaushe ba. Tsohuwar ta shigo ta zauna a ɗaya gefen gadon, ta gyara masa filo.

"Ni na zubar da fo ranar, ni na wanke banɗakin," Mama ta ce, ba ta kalli kowa ba. "Na san abin da ya tashe shi. So nake kawai ya zama gaskiya, shi ke nan. In ya warke, ai ba zai tafi ya bar ni ba." Ta share fuska da bakin zani. "Saka, 'yar nan. Kada ya tafi da abin a wuyansa."

Mai kitso ta rubuta a sama: "Ni na yanke bidiyon farko, ni na yi ƙaryar cewa likitoci sun sallama. Ga gaskiyar daga bakinsa." Ta danna. Ta juya masa allon ya gani da idonsa, ya sa tabarau ya karanta har ƙasa, ya ce ta manta aya a ƙarshe. Mama ta yi wata 'yar dariya da ta koma kuka.

Kafin yamma zagin ya iso. Wani ya ce boko ya cinye wa tsohon bangaskiya. Wata ta ce Shaiɗan ne ya dawo masa da ciwon saboda ya yi musun warkewarsa. Ita kuwa Mai kitso ba sunan da ba a kira ta ba. Masu bibiyar ta suka riƙa zubewa. Ta karanta masa biyu daga ciki don ya matsa, ya ce, "Yawwa, yanzu na yarda kin ɗora."

Litinin da safe, wajen ƙarfe tara, ta shigo da filas. Babbar 'yarsa ta iso, tana zaune a ƙasa riƙe da ƙafarsa. Mama tana rera masa waƙar coci a hankali, ba ta kai ƙarshen baiti sai ta sake farowa. Numfashinsa ya koma ɗaya-ɗaya, da dogon shiru a tsakani. Ya ga Mai kitso, ya motsa baki. Ta kai kunnenta.

"Ta amsa?"

Ƙaryar tana nan a bakinta, a shirye, kuma ta san za ta sanyaya masa rai. Wa zai ga laifinta? Ta duba wayar don ta tabbata. Saƙon na nan yadda ta tura shi, ko alamar an buɗe babu.

"Ba ta amsa ba, Baba. Ba ta ma buɗe ba."

Ya ɗan gyaɗa kai. "Ki ci gaba," ya ce, ko kuma abin da ta ji ke nan. Bai sake magana ba. Kafin shayin da ta zuba wa Mama ya huce, rai ya yi halinsa.

Ranar jana'iza tsofaffin ɗalibansa suka cika coci, likitoci da injiniyoyi da masu shago, wasu da furfurarsu. Fasto ya hau bagade da takarda a hannu, ya karanta maganar Baba ta cikin bidiyon kalma bayan kalma, har da banɗakin. Ya ce shi ma ya san da allurar ya yi shiru, ya roƙi ikilisiya gafara. Dattawa biyu suka haɗe rai. Mai gyaran babur ɗin nan yana layin baya, bai tashi ya fita ba, ita dai abin da ta lura da shi ke nan.

Bidiyon gaskiya mutum dubu ɗaya da ɗari biyu suka kalla, ya tsaya cak. Na farkon ta goge shi daga shafinta, amma yana nan yana yawo a shafukan da ba ta san masu su ba, da kiɗa, da sabon rubutu, wani ma ya ce makaho ne tsohon. Kullum da safe kafin ta buɗe rumfa takan nemo su, ta liƙa magana ɗaya a ƙarƙashin kowanne: wannan tsoho maƙwabcina ne, bai warke ba, ya rasu, kada kowa ya bar maganinsa. Wasu su goge, wasu su toshe ta. Ta sake rubuta wa Mai Jiran Ubangiji sau tara. Ta bi mutum ɗari huɗun da suka taya ta Amin, tana tambayar ko akwai wanda ya san ta. Waɗanda suka amsa suka ce a nan suka gan ta su ma.

Mako biyu bayan jana'izar, ranar wata Asabar da hantsi, wata mata ta kawo 'yarta kitson makaranta ta wuce kasuwa. Yarinyar ta zauna a tabarma tsakanin gwiwoyin Mai kitso, tana wasa da murfin robar mai. A tsallaken katanga Mama tana shanya zannuwan gado a igiya, tagar ɗakin Baba a buɗe, an cire labulen.

"Shekararki nawa?"

"Bakwai da rabi."

Mai kitso ta tsaga gashin da tsinke, ta shafa mai, ta kama layin farko. Wayar tana kan kujera kusa da ita, fuskarta a sama. Tana tsakiyar layi na uku allon ya yi haske. Ta saki gashin ta wawuro wayar da hannu mai maiƙo. Wani baƙo ne, a ƙarƙashin ɗaya daga cikin kwafin tsohon bidiyon, ya rubuta Amin da alamar hannuwa uku.

"Anti, kin gama?"

"A'a, 'yata. Juyo."

Ta mayar da wayar inda take, fuskarta a sama. Layin da ta saki ya warware har rabi. Ta tallabo kan yarinyar da tafin hannu, ta kwantar da shi a kan gwiwarta a hankali, ta sake kama gashin daga tushe.